Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir: Yadda Tsakar Gida Ke Gina Ƙwaƙwalwarsa

A shekarar 1986 wata likitar yara mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka shiga unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, suka zaɓo yara 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Ƙaramin cikinsu yana da wata 9, babban bai wuce shekara 2 ba. Aka kasa su gida huɗu. Kashi na farko aka riƙa ba su madara kilo guda duk mako. Kashi na biyu ba a ba su ko cokali ba, sai dai ma'aikaciyar lafiya ta zo gidansu sau ɗaya a mako, ta zauna awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi abin kirki. Kayan wasan ma ba na kanti ba ne, da tsofaffin robobi da ƙyallaye da kwalaye ake haɗa su. Kashi na uku suka sami madarar da ziyarar gaba ɗaya, na huɗu kuma kulawar asibiti kawai. Bayan shekara biyu aka rufe shirin, kowa ya ci gaba da rayuwarsa.

Masu binciken dai ba su rabu da yaran ba. Sun riƙa bibiyarsu har suka girma. Tasirin madarar a kan basirarsu ya dusashe da tafiyar shekaru, wataƙila don an riƙa raba ta da sauran 'yan gida, kamar yadda kowace uwa mai 'ya'ya da yawa za ta yi. Amma tasirin wasa da hirar nan bai gushe ba. A 2014 mujallar Science ta buga sakamakon bibiyar da aka yi musu bayan shekara 20, da sa hannun masana tattalin arziki irin su Paul Gertler da James Heckman. Waɗanda aka koya wa iyayensu mata wasa da su suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a koya wa nasu ba da kusan kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsararrakinsu da ba su taɓa tsumburewa ba.

Awa ɗaya a mako ba ita ta yi wannan aiki ba. Abin da awar ta yi shi ne ta sauya yadda uwa ke tafiyar da sauran kwanakin makon da ɗanta.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, amma kafin ya cika shekara 5 zuwa 6 ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. A 'yan shekarun farko jijiyoyinta suna ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu, fiye da miliyan guda a kowace daƙiƙa, a ƙiyasin cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard. Ba duka ne ke ɗorewa ba. Lamarin kamar hanyar ƙafa ce a cikin gona: wadda ake bi safe da yamma ta fito fili, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Abin da yaro ke ji da gani da taɓawa kullum shi ne ke zaɓar hanyar da za ta zauna. An ga abin da rashin hakan ke haifarwa a gidajen marayu na Romaniya bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989, inda jarirai ke wuni a kwance ba mai ɗaukarsu ba mai tanka musu. Binciken da aka fara a Bukares a 2000 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa a basira a kan waɗanda aka jinkirta.

Mai amsa wa yaro

A cikin duk ɗabi'un gida babu wadda aka fi bincike a kanta kamar magana. A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka fitar da sakamakon shekarun da suka yi suna naɗar hirar gidaje 42 a Kansas ta Amurka, suka ce kafin ɗan talaka ya kai shekara huɗu, ɗan mai hali ya riga ya ji kalmomi miliyan 30 fiye da shi. Adadin ya yi suna, ya kuma sha suka, don gidajen kaɗan ne, kuma ba a lissafa maganar da yaro ke tsinta daga bakin sauran mutanen gida ba. Wanda ya tashi a gidan gandu zai fahimci wannan suka nan take. Yaron da ke tsakanin uwa da kishiyar uwa da gwaggo da yayye bakwai ba ya rasa jin magana.

Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne wanda Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard suka buga a 2018. Sun maƙala wa yara 36, 'yan shekara 4 zuwa 6, ƙaramar na'urar naɗar murya a riga na kwana biyu, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Ba yawan kalmomin da aka zuba wa yaro ne ya bambanta su ba, yawan musayar magana ce: yaro ya ce, babba ya amsa, yaro ya ƙara. Waɗanda suka fi samun wannan musaya, sashen ƙwaƙwalwarsu mai sarrafa harshe ya fi motsawa, ko 'ya'yan wane ne su.

To a nan ya kamata mu dubi kanmu. Ga uwa a tsugune tana tankaɗe, 'yarta mai shekara uku ta zo ta tsaya a kanta.

"Umma, me ya sa tsakin ba ya faɗowa?"

Amsa biyu ce a gabanta. Tana iya cewa, "Ke, matsa ki ba ni wuri, kin cika surutu." Tana kuma iya cewa, "Leƙo ki ga ramukan rariyar, ƙanana ne ko manya? Sa hannu ki taɓa garin, ki taɓa tsakin. Wanne ya fi laushi?" Amsa ta biyu ba ta ci mata minti guda ba, ba ta kuma tsayar da tankaɗen ba. Amma yarinyar ta tashi da babba da ƙarami, da laushi da kaushi, da sanin cewa abu yana da dalili, ta kuma gane cewa tambaya ba laifi ba ce. Ba na zargin uwar da ta ba da amsa ta farko. Wadda ta tashi tun asuba, ga ɗiban ruwa ga girki ga goyo a baya, ba kullum take da sauran haƙuri ba. Abin da ke damuna shi ne inda amsar farko ta zama ita ce tarbiyya, aka ɗauki yaro mai shiru a matsayin mai hankali, mai tambaya kuma fitinanne.

Akwai kuma ganin cewa jariri bai san komai ba, don haka mai yi masa hira kamar zararre ne. Ga alkunyar ɗan fari, wadda kan hana yarinya mai haihuwar fari ta yi wa ɗanta wasa a gaban surukai, ko ta ambaci sunansa. Wannan ba mu kaɗai ba ne. A ƙauyukan Wolof na Senegal an tarar iyaye mata na gudun yi wa jarirai magana da haɗa ido da su don tsoron jawo musu iskokai. Ƙungiyar Tostan ta shiga ƙauyukan tare da limamai da dattawa, tana bayyana yadda ƙwaƙwalwar jariri ke girma. Binciken da Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop suka buga a 2017 ya nuna cikin shekara guda iyayen sun ƙara yawan hirar da suke yi wa 'ya'yansu sosai, bakin yaran kuma ya fi buɗewa a kan na ƙauyukan da shirin bai kai ba.

Al'adar da ta ɗora wa uwa alkunya, ita ce kuma ta tanadi kaka. Tsohuwar da ke kiran jikanta "maigidana", ta kira jikarta "kishiyata", ta tsokane su su rama, musayar maganar nan da masana ke aunawa da na'ura take yi. Haka tatsuniya. Yaron da ke bin labarin Gizo da Ƙoƙi yana riƙe abin da ya faru a baya, yana hasashen abin da zai biyo, yana kuma koyon abu mai wuya ga ɗan shekara huɗu, wato cewa abin da Gizo ya sani daban, abin da kura ta ɗauka daban. Kacici-kacici yana tilasta masa ya kwatanta abu da abu. Carafke yana haɗa ido da hannu da ƙirga. Mai tuwon ƙasa da 'yar tsana tana tsara matakai tana raba wa kowa aikinsa. Ko aike ma horo ne: "Je ki ɗakin Inna ki ce ta ba ki ashana da ludayi, in kin dawo ki rufe ƙofa." Abu uku ke nan a jere da za ta riƙe a ka, ta kuma ƙi biye wa ɗan akuyar da zai ɗauke mata hankali a hanya.

Wannan iya riƙe kai yana cikin abubuwan da ke taimakon yaro a aji, kuma renon karkara ba baya ba ne a nan. A 2017 Bettina Lamm ta Jami'ar Osnabruck a Jamus ta gwada 'yan shekara huɗu, Jamusawa da 'ya'yan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru. Aka ajiye wa kowane yaro abin kwaɗayi, na Nso fanke, aka ce in ya jira minti 10 bai ci ba za a ƙara masa wani. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso suka jira, wasu ma barci ya kwashe su a zaune. A cikin Jamusawan waɗanda suka iya jira ba su kai kashi 30 ba.

Wayar da ta maye gurbin kaka

Yau a gidaje da yawa na birni, da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya. Ya yi tsit, kowa ya huta, har a riƙa alfahari da cewa ya iya nemo katun da kansa, ko yana kwaikwayon Turancin da ya ji. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada wannan tun 2003. Ta sa aka riƙa zama da jariran Amurka 'yan wata 9 ana yi musu hira da wasa cikin Sinanci, zama 12. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan dai suna faɗin abubuwan nan dai, amma a talabijin. Na farkon suka koyi bambance sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan. Na talabijin ba su koyi komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Allo yana magana, amma ba ya ganin inda yaro ya kalla, ba ya jiran ya amsa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce 'yan waɗannan shekarun su sami aƙalla minti 180 na motsa jiki a wuni. Ɗan shekara huɗu zai iya ƙaruwa da shiri mai kyau, musamman idan babba na kusa yana tambayarsa me ya gani. Ɓarnar tana cikin abin da allon ya ture: guje-guje, hira, barci. Kuma wayar da ke hannun yaro rabin matsalar ce. Sauran rabin ita ce ta hannun uban da ya dawo daga kasuwa ko ofis, ɗansa ya rugo da motar kara da ya haɗa yana "Baba ka gani", shi kuwa ya ce "na gani" idonsa na kan WhatsApp.

Barci ma ba hutu ba ne kawai. Hukumar ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana. A 2013 Rebecca Spencer da ɗalibanta a Jami'ar Massachusetts suka koya wa yara wuraren da wasu hotuna suke da safe. Ranar da aka bar su suka yi barcin rana sun fi tunawa, kuma ga waɗanda suka saba da shi, barcin dare bai mayar musu da abin da suka rasa ba. Yaron da ke zaune har sha biyun dare ana kallon fim da shi, a tashe shi da sassafe, ya shiga wuni da bashi a kansa.

Shayi, gishiri da tozali

Hira kaɗai ba ta gina ƙwaƙwalwar da ba ta sami kayan gini ba. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Kashi 68 na 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna da hannu, amma ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci na cikin manyan dalilai. Betsy Lozoff ta bi wasu yara a Kosta Rika da suka yi fama da wannan ƙaranci suna jarirai. An yi musu magani jininsu ya dawo, amma har suka kai shekara 19 suna baya a gwajin basira, musamman 'ya'yan talakawa.

Babban tushen wannan talauci ne, kuma babu nasihar da za ta sa hanta a tukunyar da ba ta da kuɗin manja. Amma akwai asarar da ɗabi'a ke jawowa ko a gidan da akwai. Shayi na ɗauke da sinadarin da ke hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ga shi kuwa yara da yawa da shi suke karya kumallo, da shi ake kora musu abinci. Raba shayin da abinci da kamar awa ɗaya yana rage ɓarnar, ɓarin lemo ko gwaiba ko tumatir a gefen kwano kuma yana ƙara tsotsewar. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, a sayar da ƙwan a sayo masa biskit. Akwai inda tsokar miya ta maigida ce, yaro sai romo. Ga kwano ɗaya da ɗan shekara biyu ke zagayewa da yayyensa biyar, kafin ya kai loma uku sun suɗe. Zuba masa nasa daban, a zauna kusa da shi, ba ya ƙara ko kwabo a cefane. Gishiri kuma tun farkon shekarun 1990 doka ta wajabta a sa masa aidin a Nijeriya, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo ya kuma daƙushe basira. Sai dai aidin yana raguwa idan gishirin ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, irin wanda ake tallawa a faranti.

Mafi muni shi ne dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Duwatsun zinariya ne ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jinin yaro da za a kira lafiya lau, ko kaɗan ne yana rage basira, kuma ba ya nuna alama.

Wanda ke nesa da ramin zinariya kada ya ce abin bai shafe shi ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, da aka ga dalma ta yi yawa a jininsa a wani asibitin yara na Boston. Da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da ake rambaɗa masa ne, wanda aka sayo a Ilorin. Aka auna shi, kusan kashi 83 cikin ɗari dalma ce. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, sau da yawa ma'adinin dalma ne. Jariri ya murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan ta shiga. Iyaye mata da ungozoma da ke sa wa jariri kwalli ranar suna don idonsa ya yi kyau ya yi ƙarfi, da ƙauna suke yi, kuma ido ba ya iya bambance mai dalma da marar ita. Ga jariri da ƙaramin yaro, barinsa shi ne kawai abin da za a iya dogara da shi.

Bulala da jakar makaranta

A 2024 UNICEF ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 400 a duniya, wato 6 cikin kowane 10, suna shan duka ko tsawa da zagi a gida a kai a kai. Ba ina cewa a bar yaro sakaka ba ne, yaro na buƙatar iyaka, kuma ya fi natsuwa idan ya san lokacin ci da na wanka da na kwanciya. Amma tsoro da koyo ba sa zama wuri ɗaya. Yaron da kullum ke zaman ɗar-ɗar, jikinsa na sakin sinadaran firgici, hankalinsa yana kan hannun da zai sauka, ba kan abin da ake nuna masa ba. Zai iya haddacewa don ya tsira, ba zai yi gigin gwada abin da bai tabbatar ba. Kiran yaro daƙiƙi tun yana shekara huɗu kuwa, sau da yawa yarda yake yi.

Wannan ya kawo ni ga abin da iyayen birni suka fi kashe wa kuɗi. Ɗan shekara biyu da rabi an ɗinka masa yunifom, an rataya masa jakar da ta kusa kai shi ƙasa, ya wuni a benci yana bin malama da ƙirgan Turanci, ya dawo da aikin gida shafi biyu wanda uwarsa ce za ta kama hannunsa ta rubuta. Yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba. Ya iya rera ɗaya zuwa hamsin, amma in aka ce ya miƙo goro huɗu sai ya damƙo abin da hannunsa ya kama. A Finlan, wadda ɗalibanta suka daɗe suna fice a gwaje-gwajen duniya, sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kafin nan mafi yawan wuninsa wasa ne a hannun ƙwararrun masu reno.

Makarantar nazare mai kyau tana da amfani sosai, musamman ga yaron da gidansu ba mai lokacinsa. Uban da zai biya kuɗin zango ya shiga ajin da kansa kafin ya biya. Ya ƙirga yara nawa ke gaban malama ɗaya. Ya duba ko akwai fili da yashi da abin da hannu zai taɓa, ko akwai tabarmar barcin rana, ko akwai bulala a kan tebur. Ya tambaya ko ana cin tarar yaro in ya yi Hausa. Sannan ya tsaya a bakin taga na minti goma ya saurara, ya ji muryar wa ta fi yawa a ajin, ta malama ko ta yara.